Turbon Yaya da Motar Baba

Kawu Bakanike, don Allah ka taimake ni, kaina ya kulle.

Ni da yayana mun gaji wata tsohuwar mota mai ƙaramin inji daga mahaifinmu. Tun rasuwarsa gaisuwa kawai ke haɗa mu, sai da muka fara gyara ta don tsere. Yanzu duk ƙarshen mako yana zuwa gareji, mu kwanta ƙarƙashinta muna musu, har dariyarsa ta dawo. Shi ke kunce-kunce da ɗaure-ɗaure, ni ke tuƙi.

To, ya je ya ƙyalla ido a kan wani turbo, na'urar nan mai ƙara wa inji ƙarfi, girmansa kamar tukunya, ya ce shi za mu ɗaura. Filin tserenmu kuwa kwana ne a kan kwana, miƙaƙƙiyar hanyar ba ta da wani tsawo. Na taɓa tuƙa mota mai irinsa: ka taka totur shiru, sai ka iso kwana ta zabura. Ina fara yi masa bayani ya ajiye sifana, wai ai dama na fi shi sani. Makon jiya bai zo ba. Wallahi tsoro nake ji. Ba na son in fasa injin Baba, kuma ba na son mu koma gaisuwa.

Ƙanin Mai Zuciya

Ɗana, a kan inji kana da gaskiya. Hayaƙin da inji ke fitarwa ne ke juya turbo, kuma ƙaramin inji ba ya tada ƙato da wuri. Matsakaici zai amsa maka tun kana fitowa daga kwana. Amma yayanka ma ba shirme ya faɗa ba. A doguwar hanya babban ke cin tsere, in dai an ƙarfafa fistin, an ƙara mai, an gyara tsarin sanyaya inji.

Inda ka yi kuskure shi ne raba aikin. Mutumin nan ya san cikin motar kamar tafin hannunsa, amma bai san filin ba, don kullum kai ne a sitiyari. Daina bayanin baki. Kai masa motar har ƙofar gida, ka miƙa masa makulli, ka koma kujerar gefe ka ja bakinka ka yi shiru. In kun je filin ya sha kwana bayan kwana da kansa, ƙafarsa za ta gaya masa girman da ya dace. Sannan ka bar shi ya zaɓa, ya ɗaura da hannunsa.

Ka kwantar da hankalinka. Wanda ya yi fushi a kan turbo bai cire rai daga motar ba, balle daga ƙaninsa. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai ku ƙarshen fili lafiya, ku biyu a mota ɗaya.