Wa ya buɗe kwamfutata?

Daura, daren Talata

Barci ya ƙi zuwa, gara in rubuta.

Da safe na kunna kwamfutata a ɗaki. Fitilarta ta kama, fankar ciki tana juyawa, amma fuskarta baƙi ƙirin. Na cire batir na mayar, na canza caja, na yi ta danna maɓalli. Babu abin da ya fito.

A cikinta hotunan takardun gonar marigayi Baba ta Mai'adua suke. Na asalin gara ta cinye su bara, kuma jibi za mu koma gaban alƙali da Baffa Sule, wanda ya dage cewa gonar tasa ce.

Bayan la'asar na kai wa Malam Nura mai gyara. Ya kwance bayanta, ya duba ciki, sannan ya ɗago.

"Malama, wa ya buɗe ta kafin ni?"

Na ce babu kowa.

"To, an buɗe. An cire ram, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, shi ya sa ba ta nuna komai. Abin da ke ajiye bayanan ma babu shi."

Na dawo da ita cikin jaka. Tun safe ban faɗa wa kowa ta lalace ba, ko Inna.

Bayan magariba Yaya Kabiru, wanda muke ciki ɗaya, yana cin tuwo a tsakar gida. Bai ko dube ni ba ya ce, "Kwamfutar taki ta gyaru kuwa?"

Na ce masa e, komai yana nan.

Sai ya ajiye lomar da ke hannunsa.