Kujerar ta yi wa Auta kaɗan

Baban Auta,

Kujerar mota mai kyau ba ta yi wa yaro kaɗan, yaron ne zai koyi zama. Wannan ƙa'idarka ce, kuma jiya mun gwada ta.

Kan Auta ya wuce saman kujerar, kafaɗunta sun haura ramin bel na ƙarshe. Nauyin da aka rubuta a gefe kuwa, tun bara ta wuce shi. Sai da ta riƙe numfashi kafin bel ɗin ya ɗauru. A mararraba mai babur ya gitta, na taka birki. Kanta ya yi gaba ya dawo, ba abin da ya tare shi.

Aikin safe nake, ba zan jira ka tashi mu yi muhawara ba. Makullin mota yana jakata. Ka kai ta makaranta a ƙafa. Don girman Allah, kada ka ari motar ƙaninka ka ɗaura kujerar nan.

Da nake mata wanka na ga shatin bel a kafaɗunta, wani sabo, wani ya daɗe. Ta ce kada in gaya maka, tana nan tana koyon zama.

Maman Auta