Tebur Biyu Na Kama, Kuma Ba Zan Ba Da Haƙuri Ba

Anti Marlene,

Don Allah ki raba mana wannan gardama, domin ta kai ni da yayar mijina ko gaisawa ba ma yi. Shi kuwa mijin nawa, da zarar ya ga na ɗauko maganar sai ya tuna ciyawar bayan gida tana jiran yanka. Amma tun kafin in yi nisa bari in faɗa miki, ban rubuto don a koya mini yadda ake ba da haƙuri ba. Na iya. Wannan karon ne dai ban ga laifin da na yi ba.

A Toowoomba muke zaune, ni da mijina Glenn da 'ya'yanmu biyu. Mahaifinsa, Baba Clive, yana hannunmu tun da ya samu shanyewar ɓarin jiki bara waccan, a ɗakin da a da nake ɗinki. Ni ke kai shi asibiti, ni na san maganin safe da na yamma, ni na san idan ya fara shafa gwiwarsa ta hagu to ƙarfinsa ya ƙare, ko da bakinsa yana cewa lafiya lau. A watan Janairun nan, lokacin da zafi ya fi tsanani a ƙasar nan tamu, ya cika shekara tamanin. Da muka tambaye shi abin da yake so, sai ya ce ba ya son taron tsofaffi da jawabai, so yake ya ga jikokinsa suna ihu a kan lilo a wuraren wasan da ke garin Gold Coast kamar yadda ya kai nasa 'ya'yan suna ƙanana. Muka shirya, muka gayyaci babbar 'yarsa Noeleen da mijinta daga Brisbane, muka tashi mu bakwai.

Kin san yadda wuraren wasan nan suke a hutun makaranta. Rana kamar za ta narkar da takalmi, layi ko'ina. Gidan abincin da za a zauna a inuwa da sanyi kuwa, in ba ka kama tebur tun makonni kafin zuwa ba, sai dai ka ci a tsaye. A wurin da muka je, masu kyau biyu ne: ɗaya a bakin ƙofar shiga, ɗaya can ƙurya a gefen tafki, tafiya ce sosai ko ga mai lafiya. Baba kuma ba ya hawa keken guragu. Ya ce ranar da aka tura shi a keke, a zarce da shi maƙabarta kawai. To ta yaya zan san tun daga Toowoomba ko ranar Talata ƙafarsa za ta kai shi tafki? Shi kansa bai sani ba sai ya tashi da safe.

Saboda haka kowace rana na kama tebur a duka biyun. Da hantsi in dubi yanayinsa, in soke wanda ba za mu je ba. Manhajar wayar da ake kama teburin da ita ba ta hana ba, ba wanda ya sa ni rantsuwa. Ban faɗa wa kowa ba, don ba wanda ya tambaye ni yadda abinci yake bayyana a gabansa. An ci, an sha sanyi, an yaba. Akwai dai rana guda da ban soke ba, 'yata ta sauko daga lilo tana amai, wayata ta yi zafi ta mutu, na shafa'a. Ba wanda ya mutu saboda haka.

Noeleen ta gano ne da ta karɓi wayata za ta ɗauke mu hoto, saƙonnin tabbatar da teburan biyu suka shigo a jere. A cikin layi, gaban yarana da gaban baƙi, ta ce wannan son kai ne tsagwaronsa, kuma ƙanwar sata ce. Ta ce da idonta ta ga an mayar da wata mata mai jariri a ƙofar gidan abinci an ce ba wuri, alhali ni ina riƙe da kujera goma sha huɗu. Ta ce ba haka aka tarbiyyantar da su ba a gidansu. Ni kuma na ce mata a gidan nasu akwai tsoho da ake wa wanka, ban taɓa ganin ta da tawul ba. Na san maganar ta yi zafi. Gaskiya ce kuma.

Washegari ita ce ranar cikar shekarar Baba. Na tashi na ga bai yi barci sosai ba, kuma tun kafin rana ta ɗaga ya fara shafa gwiwa. Na ce a raina yau ba tafki, na soke wancan, muka nufi na bakin ƙofa. Yarinyar da ke tarbar mutane ta duba ta ce ai an bugo da safe an soke teburinmu, har an ba wasu. Na ce ba ni ba ce. Sai Noeleen ta gyara tsayuwa ta ce, "Ni na soke. Na bar mana na tafki, ya fi kyau, kuma ɗaya ya ishi kowane mutumin kirki."

Anti, ba ta gaya mini ba. Ba ta gaya wa ƙanenta ba. Ta soke ɗaya a ɓoye, ni na soke ɗayan, muka tsaya a rana mu bakwai ba ko kujera.

Na bugi na tafki, suka ce in muka iso da sauri za su duba mana. Na ce a nemo keke, Baba ya ce ba ya so, zai taka. Ya taka ɗin. Muna tsakiyar hanya fuskarsa ta yi fari, ya zauna a gefen wani lambun furanni, sai ga shi yana sulalewa. Ma'aikata suka zo da gudu da keken da ya tsana, suka tura shi ta cikin jama'a har ɗakin taimakon gaggawa, mutane suna darewa suna kallo. Zafi ne da gajiya, ba abin da ya fi haka, mun gode Allah. Amma abincin cikar shekara tamanin ɗinsa burodi ne da cuku a kan gadon jinya. Ina tsaye ya kama hannun ma'aikaciyar jinya ya ce, "'Yata, ja labulen nan, kada yaran su gan ni haka."

Yanzu Noeleen tana gaya wa dangi wai ni na jawo, da na yi abu a fili irin na mutane da ba a rikice ba. Ta ce ba za ta zo mana bikin Ista ba sai na amsa laifina. Glenn ya ce kowa ta ba kowa haƙuri a wuce wurin. A kan me? Ni na yi tanadi saboda tsoho, ita ta rushe saboda ta nuna ta fi kowa ladabi. Matar mai jariri ban san ta ba, Baba kuwa ni ke ɗaura masa takalmi. In aka sake maimaita tafiyar nan tebur biyu zan kama, uku ma in da hali.

Shi Baban tun da muka dawo ya rage magana. Makon jiya ma wai ya tambayi Glenn ko gidan kula da tsofaffin da ke bayan cocinmu yana da wuri, ya ce ya gaji da zama sanadin faɗa. Kin ga abin da ta jawo.

Ki faɗa mini gaskiya, kama tebur biyu laifi ne? In ba laifi ba ne, zan yanke amsarki daga jarida in aika wa Noeleen.

Mai Tebur Biyu, Toowoomba

*

Mai Tebur Biyu,

Ajiye almakashin tukuna, don ban tabbata za ki so ki aika wannan amsa gaba ɗayanta ba.

Mu fara da abin da kika tambaya. Kama tebur biyu ba sata ba ne, amma ba kyauta ba ne. Duk kujerar da kika riƙe a lokacin cunkoso, wani ya buɗe waya ya ga ba wuri ya haƙura. Mai yin haka don kawai bai yanke shawarar ko kifi yake sha'awa ko nama ba, ba ni da uzurin da zan ba shi. Ke kuwa kina da dalili mai nauyi, tsoho ne da ƙafarsa ba ta alkawari. Ga mai irin wannan dalili, sharaɗi biyu ne: ki soke da wuri yadda wani zai amfana, kuma kada ki taɓa barin tebur yana jiranki ba labari. Na farkon kin kiyaye. Na biyun kin karya sau ɗaya, kika wuce shi da sauri a wasiƙarki. Ranar nan tebur mai kujera bakwai ya zauna wayam ana korar mutane. Wannan laifi ne, ko da ba Noeleen kika yi wa ba. Nan gaba ki ɗauki waya ki yi magana da mutum, ki ce ina tafe da dattijo mai lalura, ban san ko zai iya isowa ba. Sau da yawa za su nemo miki dabarar da manhaja ba ta da ita.

Abin da Noeleen ta yi ya fi naki girma nesa ba kusa ba. Wanda yake ganin an yi ba daidai ba, magana zai yi, ba ya sa hannu a ɓoye a shirin da lafiyar mutum ta rataya a kai. Ta soke abin da ba ita ta kama ba, ta yi shiru, mahaifinta ya biya. Don haka ba zan ce ki ba ta haƙuri a kan teburan ba. Tsaya a kan bakanki.

Sai dai ki lura, ku biyun hanya ɗaya kuka bi. Kin shirya a ɓoye don kin san kin fi kowa sanin Baba, ta warware a ɓoye don ta san ta fi kowa sanin daidai. Mutumin da ake yi dominsa, mai hankalinsa garau, ba wadda ta zaunar da shi ta ce ga nisan tafki, ga zafin rana, me ka zaɓa. Maganar tawul ɗin nan kuma, gaskiya ce kamar yadda kika ce, amma kin faɗa wa 'ya a gaban jama'a cewa wata ta fi ta zama 'ya ga ubanta. Ina zargin wannan ce ta kwana da ita har ta ɗauki waya da safe. Ba ya wanke ta. Amma a kan wannan jimla guda, haƙuri ba zai rage ki da komai ba.

Yanzu ga abin da ya sa na fifita wasiƙarki a kan sauran na wannan mako. Kin cika shafi da tebur, kika ajiye babbar maganar a ƙasa kamar ragowa. Dattijo yana neman barin gidan da ake ƙaunarsa saboda yana ganin shi ne matsalar. Wannan ba ya jiran Ista, ba ya jiran a gano mai gaskiya. Yau ki shiga ɗakinsa ki zauna, ki gaya masa ƙarara cewa faɗanku naku ne, ba nauyinsa ba ne, kuma kina son sa a gidan. In bayan hankali ya kwanta har yanzu yana sha'awar wancan wurin, to wannan shawararsa ce, a saurare shi. Amma kada ya tafi don kunya.

Glenn kuma ya fito daga bayan gida. Noeleen yayarsa ce, Baba ubansa ne, shi zai bugo mata ya gaya mata abin da Baba ya tambaya. Ba na jin sharaɗinta zai rayu bayan ta ji haka. Daga nan ku ba ta aiki na gaske: ta riƙa zuwa ta kai Baba asibiti wani lokaci, ta ɗauke shi kwana biyu. Za ta koyi abin da kika sani ba tare da kin yi mata lacca ba, ke kuma ki samu ki huta, domin daga rubutunki na ji gajiyar da ba ki ambata ba.

Kin yi wa tsohon nan hidimar da mutane da yawa ba za su iya ba, ba kuma sai Noeleen ta sa hannu kafin hakan ya tabbata ba. Ki je ki yi magana da shi kafin ki sake yin magana a kansa. Allah ya ƙara masa lafiya, ya sanyaya zukatanku, ya haɗa ku Ista kuna dariya.

Taku,
Anti Marlene