Jakunkunan Iri Bakwai da Ka Bari a Rataye

Daga ofishin Babban Darakta mai kula da irin albasa da bakin jaka, na Jega, Aliero, Maiyama da kewaye.

Zuwa ga Malam Mamman Mai Iri, wanda ya tashi daga zaurensa na Aliero bai miƙa wa kowa aiki ba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ofishinmu ya ga ya kamata ya sanar da kai halin da sana'arka take ciki, wata shida bayan tafiyarka. Mun san ba ka son takarda. Mun san ka taɓa hura wutar shayi da wata da anka kawo maka daga sakatariya. Wagga a waya take, ba ta kamawa, sai ka yi haƙuri.

Binciken da munka yi ya nuna ka fi shekara arba'in kana sayar da irin albasa kai kaɗai. Kai ke dasa uwar albasar da ke ba da iri, kai ke yankan hure in ya bushe, kai ke shanya, kai ke sussuka da sheƙa, kai ke aunawa. Ba ka taɓa gaya wa kowa yadda kake yi ba. Duk wanda ya ce ka rubuta, sai ka taɓa hularka ka ce, “Abin da ke nan ciki ɓera ba ya cin shi.”

Ofishinmu yana tabbatar maka ɓera bai ci ba. Ƙasa ta ci.

A ɗakin iri mun tarar da jaka bakwai rataye. Huɗu a bangon hagu, ragowar bara ne. Ukku a bangon dama, na bana: 'yar damina, 'yar rani, da fara. Ga ido duk ɗaya suke, baƙin iri ƙanana kamar garin gawayi. Amma kai ka fi kowa sanin in mutum ya shuka 'yar rani a damina, ruwa zai ruɓar da ita a ƙasa, shekararsa ta tafi ke nan. Alamar da ka bari ita ce igiyar bakin jaka. Wata ƙulli ɗaya a wutsiya, wata biyu, wata ukku. Ba rubutu, ba komi.

A nan dole mu ambaci jikanka Sanusi, bahagon nan da kake kira Gwamna marar mota. Rahoton da ke gabanmu bai yi masa kyau ba. Shi ne ya taɓa ɓoye maka takalmi ɗaya a masallaci ka dawo gida kana ɗingishi. Shi ne yake shiga gida ya ce wa matarka Hajo ta shirya, ya kusa ƙwace ta daga hannun tsohon da ba ya da haƙori. Shi ne kuma ya laɓe bayan katanga ya kira ka a waya, ya murɗe murya, ya ce daga Birnin Kebbi ne, an zaɓe ka za a ba ka tarakta. Ka saurare shi har ƙarshe, kana “to, to, madalla.” Sannan ka ce, “Ranka ya daɗe, in ka ƙare, zo ka kore akuyar ga daga shanyata, ina hangen ƙahwarka.”

Bai taɓa cin ka a wasa ba ko sau ɗaya. Wannan ne ya dame shi.

Wata ranar Alhamis kana wurin ta'aziyya, ya shiga ɗakin iri. Ya kwance igiyoyin jakunkunan bana ukku, ya sauya musu wuri, ba wadda ya bari a bakinta. Yana yi yana dariya, yana sauri, har bai tsaya ya riƙe wacce ya kai ina ba. Niyyarsa ka shiga ka rikice, ka yi ta kwarara masa kira unguwa ta ji, shi kuma ya fito ya ce yau dai Gwamna ya ci zaɓe.

Ya jira kiran ranar Alhamis, shiru. Juma'a ka tafi masallaci da ƙafarka, anka dawo da kai a riƙe. Lahadi da hantsi anka sa ka a makara.

An ce yaron bai yi kuka ba. Ya ɗauki makara, ya zuba ƙasa, ya dawo ya shimfiɗa wa masu gaisuwa tabarmi, ya ci tuwo. Mutane sunka riƙa cewa yaro ne mai haƙuri, ya yi gadon tsoho. Ofishinmu ya bincika, ba haƙuri ba ne. Ya laluba cikinsa ne bai tarar da komi ba. Kamar ƙafar da anka daɗe zaune a kanta.

Mako shida bai buɗe ɗakin ba. Sai ruwa ya sauka.

Wanda ya fara zuwa shi ne Malam Hantsi na Mungadi, wanda ya shekara ashirin bai sayi iri a hannun kowa ba sai naka. Ya jingine mashin ɗinsa inda ya saba, ya yi maka addu'a, ya fiddo tsohon gwangwaninsa. Da yaron ya buɗe ɗakin, Malam Hantsi bai ko yi tambaya ba. Ya nuna jakar da yatsa ya ce, “Mai ƙulli biyu, ita at ta damina. Auna min.”

A ranar ne jikanka ya fara sanin ma'anar ƙullin. Daga bakin baƙo.

Ya sauko da jakar, ya kwance ta bai ko dubi igiyar ba, ya sa hannu cikin irin. Yana iya aunawa. Ba wanda zai sani sai bayan wata ukku, kuma in ta ruɓe za a ce ruwa ne ya yi yawa. Ya tsaya haka har Malam Hantsi ya ce ko ba ya da lafiya. Sai ya faɗa masa abin da ya yi ranar Alhamis, duka, da murya irin ta mai karanta farashin taki. Ya ce bai san mi ke cikin jakar ba.

Malam Hantsi ya ɗauke gwangwaninsa. Abin da ya ce kawai shi ne, “Wasa da kaka halal ne, ɗana. Amma ba a bakin jaka ba.” Ya hau mashin ya nufi kasuwar Jega, wurin waɗanda bai sani ba.

Magana ba ta da ƙafa amma ta riga shi zuwa Maiyama. Mutanen Giwa Tazo ba su zo ba. Na Gumbin Kure mutum ɗaya ya zo, ya yi gaisuwa, ya sha ruwa, bai tambayi iri ba. Daminar ta wuce zauren ba a auna ko cokali ba. Sunan da ka tara shekara arba'in yana rataye a bango tare da jakunkunan.

Yanzu ga abin da ya sa munka rubuto, gyaran da anka yi a ma'aikatarka ba da izininka ba.

Da yake yaron ba ya jin komi, sai ya kama aiki. Ya share ɗakin. Ya ɗebi ɗan iri daga kowace jakar bara ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye a inuwa kwana bakwai. Biyu sun tsira kaɗan-kaɗan, biyu ko gezau. Matattun ya zubar bayan gida. Masu ɗan rai ya ba wa mata masu shuka a tukunya, ya gaya musu na bara ne. Mun san da kana nan da ka ce ɓarna ce. Ba ka nan.

Na bana ukkun, tsumma ba ya iya faɗin wace ce wace, don duk suna tsira. Sai ya tayar da fangali ukku a bayan gida, ya shuka kowace jaka a nata, ya kafa icce a kan kowanne ya ɗaura masa igiya mai ƙulli irin na jakarsa. Ƙasa ba ta ƙarya, jinkiri ne kawai da ita.

Yana jira, ya ɗauko tawadarsa da alƙalamin kara da ya bari tun da ya yi sauka. Ya yanka farin ƙyalle, zai ɗinka a jikin kowace jaka, ba a igiya ba, don igiya tana kwantuwa, shi ya sani. A ƙyallen akwai sunan iri da ajami, da shekararsa, da gonar da anka yanko shi. Ga wanda ba ya karatu, zare: kore na damina, ja na rani, fari na fara. Ya wanke tsohon allonsa ya rataye a ƙofar ɗakin, ya rubuta abin da ake yi daga dashen uwa har zuwa awo, iyakar abin da ya iya tunawa daga kallonka. Wurare da yawa ya bar fili, don bai sani ba. Sai a ƙasan allon ya rubuta da manyan baƙaƙe: duk abin da mai ɗaki ya sani, wani ya sani. Ya rubuta, amma shi kansa bai gaya wa Hajo komi ba. Tana takaba, shi kuma yana jin kunyar idonta.

Da damina ta yi nisa, fangali sunka yi magana. Mai ƙulli ɗaya ganyenta ya yi rawaya, ta zube, 'yar rani ce. Mai ƙulli ukku wuyanta ya fito fari tas. Mai ƙulli biyu ta tsaya kore shar, tana ɗaura kai cikin ruwa.

Ita ce ta damina. Daidai yadda Malam Hantsi ya nuna. Kowace igiya tana bakin jakarta.

Yaron ya tsuguna gaban fangalin har rana ta koma bayansa. Ya san ya sauya su. Da hannunsa ya sauya. Daga ƙarshe ya shiga gida ya zauna gaban Hajo, tana tsince shinkafa, ya faɗa mata tun daga Alhamis. Ta ajiye faifan. Ta ce, “Ashe abin da yas sa shi dariya ke nan.”

Ta ce ranar Juma'a da safe ka shiga ɗakin iri ɗauko lema, ka daɗe ba ka fito ba. Ka fito kana dariya har da tari. Ta ce mi ya faru, ka ce, “Bahago ya shiga ɗakina, ɗaurinai ya tona shi. Ƙyale shi. Bari in dawo masallaci.”

Bari in dawo masallaci.

Tsoho, mi ka shirya mini?

Ka ga na ce mini. To, ya isa. Tun layin farko na san kana hangen ƙafata.

Ka shinshina irin kowace jaka, ka murza shi a tafin hannunka, ka mayar da kowace igiya wurinta, ka yi shiru kana dafa mini ramuwa. Ni ma na yi shiru ina jiran ihunka. Mu biyu, kowa da abinsa a cikin hula. Da na dubi ɗaurin ranar da Malam Hantsi ya zo, da na ga ba nawa ba ne. Ban iya kallonsa ba. Jakar da ya nuna ita ce tasa, na hana shi, ya je Jega ya sayo wanda rabinsa bai fito ba. Ita kuma ga ta nan cike, kafin wata damina ta zo irin ya tsufa. Ban san wa zan ba wa laifi ba, ni ko kai. Na gwada duka biyun, ba wanda ya zauna.

Jiya ya dawo, lokacin irin rani ya yi. Ya jingine mashin a wurin da ya saba. Ya daɗe tsaye gaban allon yana karantawa da leɓɓansa, har ya gyara mini wuri ɗaya, ya ce kai ba ka yankan hure sai raɓa ta ɗauke. Na ɗauko alƙalami na cike. Na kai shi bayan gida ya ga fangalin, na gaya masa abin da Hajo ta ce. Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Ya taɓa jakar mai jan zare ya ce, “Gwamna, wagga ka sani, ko ba ka sani ba?” Na ce na sani. Ya ajiye gwangwanin a ƙasa ya ce, “Auna.”

Na auna. Na cika gwangwanin har ya yi tsororuwa yadda kake yi, na ƙara masa ɗan abin da ke tsakanin yatsu ukku. Sai da ya tafi na ji rashinka ya soke ni, karon farko tun ranar makara. Hajo ta ce wannan ma wani abu ne, ƙafa in ta fara farfaɗowa da suka kamar ta allura take farawa.

Yanzu ta san komi na ɗakin. Kowace safiya ina karanta mata allon, tana cewa na dame ta. Na ce mata har yanzu maganar ƙwace ta tana nan, ta ce in fara sayen mota.

Igiyoyinka ukku na cire su daga aiki. Suna aljihuna. Ban kwance ƙullin ba.

Allah ya jiƙanka, Kaka. Allah ya yalwata maka kabarinka, ya haskaka shi, ya sa kowace ƙwayar iri da ka auna da gaskiya ta tsira maka a can. Allah ya yafe maka, ya yafe mini, ya mayar wa Malam Hantsi abin da ya rasa. Allah ya haɗa mu a inda ba a rabuwa. In mun haɗu, kada ka manta, akwai abin da ka ce za ka yi mini in ka dawo masallaci. Ina jira.

Ba darakta, ba ofishi. Ni ne, zaune a zaurenka kan buzunka.

Jikanka da bai taɓa cin ka ba,
Sanusi bahago, Gwamna marar mota.