Igiyar da Na Gani a Ƙarƙashin Gadon Habu

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Tun farko in faɗa, ni ne da laifi, don Allah ku rage zagi, shawara nake nema. A ɓoye sunana.

Ni direba ne a Riyad. Mu uku ne a ɗaki a unguwar Manfuha: ni, da wani dattijo Malam Idi, da ɗan garinmu da zan kira Habu, wanda kafilinmu ɗaya, wato maigidan da ya ɗauko mu aiki ƙasar nan. Kwanakin baya Habu ya sauya. Kullum sai ya goya jaka cike da robobin ruwa ya dinga hawa bene yana sauka. Rannan ina neman cajata na leƙa ƙarƙashin gadonsa, sai ga doguwar igiya, da ƙaramin gatari mai baki kamar diga, da ƙarafa masu haƙora na ɗaurawa a takalmi, da hular da ke rufe fuska sai ido. A garin da sitiyari ba ya taɓuwa da rana? Wa ke rufe fuska ya ɗauki igiya in ba mai haura katangar mutane ba?

Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce, "Dutsen ƙanƙara zan hau, mutumina." Wai wani Balarabe da yake kaiwa duwatsun bayan gari ran Juma'a ne ya ga ƙarfinsa, ya sa shi a tawagarsu ta zuwa ƙasar waje. Wai hanyar a kan doron dutsen take, faɗinta bai wuce dardumar sallah ba, dama rami hagu rami, mutum biyu a igiya ɗaya. "In na zame dama, abokin igiyata ya faɗa hagu, nauyinsa ya riƙe ni."

Na ce, "Kai da ruwan firji ke sa wa mura?"

Ban yarda ba. Na ce a raina ranar da aka kama shi duk ɗakin za a kwashe. Na sami kafili na faɗa masa abin da na gani, sannan na ƙara abin da ban gani ba: na ce in Habu ya fita ba zai dawo ba. Kafili ya hana shi izinin fita, tawagar ta tafi ba shi. Da suka turo bidiyo daga kan dutsen na leƙa wayarsa. Wallahi yadda ya faɗa haka hanyar take.

Yanzu Habu yana zargin Malam Idi ne ya kai ƙararsa, ya daina cin abincinsa, dattijon bai san hawa ba bai san sauka ba. Balaraben ya ce akwai wata tafiyar bayan Sallah, amma kafili ba zai saki Habu ba sai na koma na ce ƙarya na yi, ga iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ta kusa ƙarewa a hannun mutumin nan.

Jiya bayan la'asar na same shi yana naɗe igiyar. Na ce, "Habu, don girman Allah ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe duniya da lahira. Amma me ka yi mini?"

Na ce, "Zaman tare ne kawai."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya miƙo mini bakin igiyar ya ce, "Riƙe mini nan." Na riƙe.

Jama'a, ni yanzu me zan yi?