Ni na buɗe ruwan, ita ake zagi

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ina aiki da meri, wato ofishin magajin gari, a wani gari cikin yankin Tasawa. Ni ke kula da tafkunan da ake tara ruwan kwatar gari, a tace shi, sannan a sake wa masu garka su yi ban ruwa. Tun farkon rani injin tacewa ya mutu. Na rubuta rapor har hannuna ya gaji, kullum shef, shugabanmu na ofis, sai ya ce mini, "Yi haƙuri, takarda tana sama." Wace sama? Su salati da kabeji haƙuri suka sani?

Ran nan kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya same ni bakin tafki da jama'ar garka bayansa. Ya ce, "Ɗana, ruwa ga shi kwance, shukarmu na ƙonewa. Ni da na riƙe ka kana ƙarami za ka hana?" Na ce, "Kawu, ba a tace shi ba." Ya ce, "Ƙasa za ta tace." Wallahi na san ba haka ba ne, amma na buɗe bututun, kuma na ci gaba da buɗewa.

Bayan sati biyu gudawa da amai suka shiga unguwa, har aka kwantar da wasu a gidan likita. Duk wanda aka tambaya sai ya ce salatin Inna Habsu ya ci, wata dattijuwa mai saye a garkar kawu tana haɗawa da ƙuli a bakin tasha. Yanzu ƙazama ake kiranta, ba mai tsayawa wurinta. Jiya ta tare ni, ta ce, "Malam, kai da ka yi lakwal ka san boko, gaya mini, me na yi? Sau uku nake wankewa." Na ce, "Allah ya kyauta, Inna," na ja babur. Kunya kamar ƙasa ta tsage.

Na rufe bututun, kawu ya daina amsa gaisuwata, injin kuma yana nan a mace. In na yi magana aikina ya tafi, a hana sayen kayan garka duka. In na yi shiru, baiwar Allah ta ci gaba da ɗaukar laifina.

Jama'a, me zan yi?