An Musanya Waƙarka da Riɗi

Baba,

Gaisuwa da fatan rahama. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, kuma ko kana raye sai an karanta maka ita. Duk da haka zan rubuta.

Gida lafiya. Inna na fama da ciwon gwiwa. Ƙanena Sani ya ɗauki gurminka, har an fara gayyatarsa biki. Ni kuwa ina nan New York, a ofishin jakadancinmu, ina buga takardun manya.

Ka tuna Baturen da ya sauka gidanmu da rikoda? Ka yanka masa zakara, ka rera masa waƙar makiyaya har sau uku, don wai iska ta ɓata na farko. Bara na ji muryarka, an kunna waƙar a wani shagon takalma a unguwar Harlem. Na bincika. An yi wa waƙar rajista da sunan kamfaninsa, kai kuma an rubuta wai mawaƙin gargajiya ne da ba a san sunansa ba. Wata guda yana cin tuwon gidanmu, bai san sunanka ba?

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Bana aka zauna yarjejeniyar ciniki da gwamnatin ƙasar nan. Suna so ƙasarmu ta amince da haƙƙin mallakar waƙoƙinsu da finafinansu, ta riƙa kama masu kwafa. Manyanmu suka ce ba za su sa hannu ba sai an biya mana buƙatunmu. Ni na buga jerin buƙatun. A ƙarshensa na ƙara layi ɗaya, cewa a mayar wa mawaƙanmu waƙoƙin da aka naɗa a gidajensu. Maigidana a ofis ya gani, ya yi dariya, ya soke shi da biro, wai riɗi da fatu ake magana. Na karɓi takardar na koma teburina, Baba. Na ji tsoron a mayar da ni gida, ga yara na makaranta. Da hannuna na sake buga takardar babu layin.

An sa hannu, riɗinmu zai riƙa shigowa ba haraji. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Sani ya rera waƙar taka ya ɗora a intanet. Kwana biyu aka sauke ta, wai ya saci kayan wani. Yanzu dokar ƙasarmu ma bayan Baturen take. Kullum sai ya kira ni, tunda ni ne kusa da manya, in gaya masa inda zai kai ƙara. Me zan ce masa? Tun Juma'a ban ɗauki wayarsa ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka. Ka yafe mini, in ana yafewa daga can.

Ɗanka da ya yi shiru,
Habibu